Falankin Roba na Shimfiɗa Dandamali: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Saya

Duk wanda ya taɓa mallakar dandamalin katako a waje, ko a farfajiya ne, ko a baranda, ko a bakin wurin ninƙaya, ya san ɗawainiyarsa. A goge da samfefa, a shafa mai ko fenti kusan kowace shekara, a cire wanda ya ruɓe, ga kuma sartse a tafin ƙafa. Wannan wahala ce ta kai mutane ga falankan da ake sarrafawa a masana'anta daga roba. Sai dai ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya dace da wani wuri yana iya zama asara a wani. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Mene ne falankin roba, kuma iri nawa ne?

Suna ne da ya tattara abubuwa daban-daban. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne gauraye, wato garin katako da aka kwaɓa da narkakkiyar roba, aka turo shi ta cikin injin da ke fitar da shi da siffar falanki. Yawanci garin katakon kan kai rabin haɗin ko ya ɗan ɗara, robar kuma galibi polietilin ce, irin wadda ake yin leda da jarkoki da ita. A takardun kamfanoni za ka ga an rubuta WPC. Wasu masana'antun kan maye gurbin garin katakon da garin gora ko ƙaiƙayin shinkafa.

Na biyu shi ne PVC zalla, wato irin robar da ake yin bututun ruwa da ita, babu ko ƙwayar itace a ciki. Ana hura shi yadda cikinsa zai yi ƙananan ƙofofin iska, shi ya sa ya fi gauraye rashin nauyi. Na uku sabo ne idan aka kwatanta da waɗancan: roba da aka haɗa da garin ma'adini maimakon itace. Kamfanin Deckorators na Amurka yana haɗa polifurofilin da garin dutsen alli, Millboard na Ingila kuma yana amfani da poliyuretan da ma'adini, yana ɗauko zanen fuskar falankin daga ainihin katakon itacen oak. Akwai kuma na polietilin zalla, wanda aka fi gani a kujerun waje da mashigar jiragen ruwa. Daga gefe sai alminiyom, wanda ba roba ba ne, amma ana jera shi da su don shi ma ba ya neman fenti.

Tun yaushe ake amfani da su? Sun daɗe har a san ƙarkonsu?

Sun shiga kasuwa sosai a shekarun 1990. Kamfanin Trex, da ke jihar Bajiniya a Amurka, ya tsaya da ƙafarsa a 1996 bayan ya fita daga ƙarƙashin Mobil, kuma yana cikin waɗanda suka yaɗa gaurayen. Wani abin da ya ƙara musu kasuwa shi ne, daga ƙarshen 2003 an daina sayar wa gidaje a Amurka katakon da aka jiƙa da maganin ruɓewa mai sinadarin asenik. Don haka akwai tarihin kusan shekara 30 da za a duba, kuma cikinsa akwai darasi mai ɗaci, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna.

Me ake nufi da falanki "mai riga" da "mara riga"?

Idan tambaya ɗaya tak za ka yi wa mai sayarwa, to ita ce wannan.

Gaurayen farko tsirara yake. Garin katakon yana nan a fili a saman falankin, kuma itace ko an niƙa shi gari bai daina shan ruwa ba. Masu gidaje da yawa da aka yi wa alkawarin hutu sai suka wayi gari da baƙaƙen ɗigo na fumfuna, launi ya koɗe, tabon mai ya shige ya ƙi fita, wasu falankan ma fuskarsu ta riƙa farfashewa. Har gaban kotu aka je a Amurka kan wannan. Maganin da masana'antun suka samo, wajen ƙarshen shekarun 2000, shi ne su lulluɓe falankin da siririn ɓawon roba mai tauri tun yana fitowa daga inji. Wannan ɓawo shi ne rigar. Ita ke tare ruwa, ita ke jure hasken rana, a jikinta kuma ake yin launi da zanen itace.

Rigar kan rufe gefe uku ko huɗu. Masu gefe uku sun bar ƙasan a buɗe, suna cewa hakan na barin danshi ya fita. Masu gefe huɗu suna cewa gara a hana shi shiga tun farko. A dandamalin da ke sama, inda iska ke kaɗawa ta ƙarƙashi, bambancin ba shi da yawa. Amma idan falankin zai zauna dab da ƙasa mai laima, ni dai na fi natsuwa da mai gefe huɗu, ko ma a bar gauraye gaba ɗaya. A tuna kuma, duk inda zarto ya yanka babu riga a wurin, ko da gefe nawa aka rufe.

Har yanzu ana sayar da mara riga, kuma ya fi araha. Ban ga dalilin sayensa don wurin da rana da ruwan sama za su dake shi ba. Abin da ka rage a kuɗi za ka biya shi da buroshi.

Tsakanin gauraye mai riga da PVC, wanne ya fi?

Babu wanda ya fi a ko'ina. Wurin da za a shimfiɗa shi ne alƙali.

PVC ba ya shan ruwa, don haka ba ya kumbura, ba ya ruɓewa, fumfuna kuma ba ta samun abinci a jikinsa. A bakin wurin ninƙaya, a gaɓar tafki, ko a inuwar da ba ta bushewa da wuri, shi ne kan gaba. Rashin nauyinsa yana taimakawa idan za a hau da shi bene. Aibinsa shi ne ya fi motsi da sauyin zafi da sanyi, wasu kuma suna jin sautinsa da taushinsa a ƙafa sun yi nisa da na itace. Ga shi yawanci ya fi tsada. Yana da wasu abokan gaba da ba kowa ya sani ba: tabarmar ƙofa mai gindin roba tana iya bar masa tabo na dindindin, haka ma wasu mayukan kariya daga rana da maganin sauro na shafawa.

Gauraye ya fi nauyi, ya fi kama da itace a taku, kuma akwai shi daga mai sauƙin kuɗi har mai tsada. A dandamalin da ke shan iska, wanda ruwa ke zurarewa daga kansa, gauraye mai riga mai kyau zai yi shekaru ba tare da ya ba ka ciwon kai ba.

Na ma'adini ya ɗauko alherin ɓangarorin biyu: ba itace a ciki, kuma miƙewarsa da tsukewarsa kaɗan ne ƙwarai. Matsalarsa ita ce kamfanonin da ke yin sa ba su da yawa, saboda haka zaɓin launi da samuwarsa sun taƙaita.

An ce yana ƙona ƙafa idan rana ta take. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ne abin da masu sayarwa suka fi saurin wucewa a kai. Roba tana riƙe zafi. Falanki mai duhun launi da ya wuni a rana yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin da babba ma ba zai iya tsayawa a kai ba takalmi ba, balle yaro mai rarrafe ko dabbar gida.

Launi ya fi nau'in falanki tasiri a nan. Baƙi-baƙi da ruwan ƙasa mai duhu su ne suka fi ɗaukar zafi, ruwan toka mai haske da ruwan yashi sun fi sauƙi. Wasu kamfanoni suna sa sinadaran da ke mayar da hasken rana a cikin rigar, kuma hakan yana ragewa, amma kada ka ɗauka zai mai da falankin mai sanyi. Idan wurin ba shi da rumfa ko inuwar bishiya, kuma kana zaune inda rana ke da ƙarfi, ka zaɓi mafi hasken launin da idonka zai iya yarda da shi. Mutane da yawa suna zaɓen launi a cikin ɗakin nuni mai sanyi, ƙarƙashin fitila, alhali falankin a tsakar rana zai yi rayuwarsa.

Akwai wani haɗari na daban: gilashin taga na zamani mai mayar da zafi waje. Wani lokaci yakan tattara hasken rana wuri guda a kan dandamali har robar ta yi laushi, ta lanƙwashe ko ta narke. Yawancin garanti ba sa ɗaukar nauyin wannan. Ka duba ko akwai irin wannan taga da ke fuskantar wurin, ko a gidanka ko a na maƙwabci.

Shin da gaske ba ya buƙatar kulawa ko kaɗan?

A'a. Abin da ka huta da shi shi ne samfefa, fenti da shafa mai. Wanki yana nan. Ƙura, ganye da garin fure idan suka taru suka jiƙe, fumfuna da gansakuka za su tsiro a kansu, ko da a kan PVC ne. Shara a kai a kai, wanki da ruwan sabulu da buroshi mai laushi kamar sau biyu a shekara, da zaƙulo dattin da ya cushe tsakanin falankai, sun wadatar. Mai ko kitse da ya zuba a goge shi da wuri. Injin wanki mai feshin ƙarfi ana iya amfani da shi a wasu nau'o'in, amma da bakin da ke baza ruwa, kuma ba dab da falankin ba. Kafin ka zuba bilic ko wani sinadari mai ƙarfi, karanta abin da kamfanin ya yarda da shi.

Idan ya karce fa?

Nan itace ya fi shi. Katako ana goge shi ya dawo sabo, amma falanki mai riga ba a sa masa samfefa, don za ka cinye rigar ne. Ƙaramin karce yakan dushe da lokaci, mai zurfi kuwa sai dai a canja falankin. Saboda haka ka sayi rarar falanki biyu ko uku ka ajiye, domin launin da aka sarrafa bana ba lalle ya yi daidai da na baɗi ba, wani lokaci ma a daina yin sa. Sa wa ƙafafun kujeru da tebura abin kariya, kuma kada a ja abu mai nauyi a kai. Falanki mai launi gauraye-gauraye ya fi ɓoye karce a kan mai launi ɗaya sumul.

Me ya sa ake barin tazara tsakanin falankai?

Itace yana kumbura ne ta faɗinsa idan ya sha ruwa. Roba kuwa ta tsawonta take miƙewa idan ta ji zafi, ta tsuke idan ta ji sanyi. Falanki mai tsawon mita 5 yana iya ƙaruwa da milimita da dama tsakanin sanyin asuba da tsakar rana. Idan kafinta ya haɗa kawunansu ƙam, ko ya manna su da bango, za su tunkuɗi juna su tashi sama. Idan kuma ya yanka su da rana tsaka suna a miƙe bai yi lissafi ba, da sanyi ya shigo sai giɓi ya buɗe.

Tazarar gefe da gefe yawanci milimita 5 zuwa 6 ce, don ruwa ya samu hanya. Ta kai da kai kuwa ta danganta da zafin ranar da ake aikin, kuma kowane kamfani yana da jadawalinsa. Kafinta ƙwararre a aikin itace yana iya kuskure a nan idan bai saba da roba ba, don haka ka tambaye shi kai tsaye ko ya karanta littafin girkawa na wannan falankin. Ƙananan maƙalai na ɓoye, waɗanda ke shiga cikin tsagin gefen falanki, suna daidaita tazarar da kansu kuma suna barin sa ya motsa. A matakala da bakin dandamali kuwa ana amfani da falanki mara tsagi, a ɗaure shi ta sama.

Mai rami a ciki ko cikakke?

Mai rami ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, amma ruwa da ƙwari na iya shiga ramukan idan ba a toshe bakinsu ba, kuma ya fi saurin fashewa idan abu mai nauyi ya faɗo masa. A inda ruwa ke daskarewa da hunturu haɗarin ya ƙaru. Akwai na tsakiya, wanda aka rarake ƙasansa kawai. Don matakala da wurin da jama'a ke yawan bi, a sayi cikakke.

Me za a sa a ƙarƙashinsa?

Tun ran gini, tun ran zane. Falankin roba shimfiɗa ce kawai, ba ya ɗaukar nauyin gini. Ƙwarangwal ɗin da ke ƙasa shi ke riƙe komai, kuma yawanci na itace ne. Abin takaici ne a ga falankin da aka ba garantin shekara 30 yana zaune a kan sandunan da za su ruɓe tun bai yi rabin wa'adinsa ba.

Roba ta fi itace saurin lotsawa, don haka sandunan ba sa son nisa da juna. Abin da aka saba shi ne santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, a rage zuwa 30 idan za a jera falankan a karkace. Matakala ma tana son a matso da su. Wasu falankan, musamman masu rami, suna neman ƙasa da haka. Sannan sandunan su zama daidai wa daida a sama, domin falankin roba yana bin duk tudu da kwarin da ya tarar, ba ya ɓoye aibin aikin da ke ƙasansa.

Idan itace za a yi amfani da shi, a manna tef mai hana ruwa a saman kowace sanda, a kuma yi amfani da ƙusoshi masu murɗi waɗanda ba sa tsatsa, don maganin ruɓewa na zamani yana ɗauke da jan ƙarfe mai cin ƙusa ta gama-gari. Wanda ke da hali ya yi ƙwarangwal na ƙarfe mai rufin hana tsatsa ko na alminiyom. A bar wa iska hanya a ƙarƙashi, ƙasan kuma ta ɗan gangara yadda ruwa ba zai kwanta ba. Mai son ɗora sabon falanki a kan tsohon ƙwarangwal ya fara caka sandunan da tsinin ƙarfe. Duk inda ya nutse, wannan sanda ta gama aiki.

Gara tana cin sa?

Ba ta cin roba. PVC, na ma'adini da alminiyom ba su da abin da take nema, gauraye mai riga ma ba kasafai take damunsa ba. Amma za ta bi ta ƙasa ta cinye sandunan itace, kai kuma kana ganin sama lafiya ƙalau. A yankin da gara ta yi yawa, kuɗin da za a kashe a ƙwarangwal ya fi muhimmanci a kan wanda za a kashe a launi.

Yana santsi idan ya jiƙe?

Ya danganta da zurfin zanen fuskarsa da kuma tsabtarsa. Kada ka dogara da kalmar talla, nemi sakamakon gwaji. A tsarin Jamus akwai maki daga R9 zuwa R13 don masu takalmi, da A, B, C don ƙafa ba takalmi, inda R13 da C suka fi riƙe ƙafa. A Birtaniya ana gwajin lilo, wato na'ura mai lilo da ke goga tafin roba a kan falankin don auna santsinsa, kuma maki 36 zuwa sama shi ake ɗauka ƙarancin haɗari. Ka tabbata sakamakon na jiƙaƙƙen falanki ne. Gidan da ke da tsofaffi ko ƙananan yara bai kamata ya yi sakaci da wannan ba.

Wuta fa? Yaushe ya kamata a koma ga alminiyom?

Gauraye yana cin wuta. PVC ya fi shi jinkirin kamawa, amma yana narkewa, hayaƙinsa kuma mai guba ne. Garwashi ɗaya ya isa ya bar tabon da ba ya gyaruwa, don haka kada a ɗora abin gashi ko murhu kai tsaye a kai. A Amurka ana raba kayan gini aji A, B da C bisa saurin yaɗuwar harshen wuta, A ne mafi kyau, kuma yankunan da gobarar daji ke addaba, kamar wasu sassan Kalifoniya, suna da ƙa'idoji na musamman.

A barandar bene mai tsawo maganar ta wuce zaɓi. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, Ingila ta hana amfani da kayan da ke cin wuta a bangon waje da barandar sababbin gidajen zama da tsawonsu ya kai mita 18, daga ƙarshen 2018. A irin wannan wuri alminiyom ne ya karɓi fage. Ba ya kamawa, ba ya ruɓewa, yana da ƙarfi. Sai dai yana da tsada, yana ƙara idan ana taka shi, kuma kamanninsa ba su kai na sauran kusanci da itace ba. Kowace ƙasa da dokarta, don haka a binciki ta wurin kafin a saya.

Garantin shekara 25 ko 50 da ake tallatawa, me yake rufewa?

Yawanci iri biyu ne: na jikin falankin, wato ba zai ruɓe ko ya tsage ba, da na koɗewa da tabo. Na biyun ba ya nufin launi ba zai sauya ba sam, yana nufin ba zai wuce wani mizani da kamfanin ya ƙayyade ba. Sau da yawa abin da za a biya ka yana raguwa yayin da shekaru ke tafiya, kuma kuɗin cire tsoho da girka sabo ba ya ciki. Abin da ya fi soke garanti shi ne girkawa ba bisa littafin kamfani ba. Ka ajiye rasit, ka ɗauki hoton ƙwarangwal da tazarar sanduna kafin a rufe su. Ka kuma tambayi ko falankin ya cika ma'aunin ASTM D7032 na Amurka ko EN 15534 na Turai. Wanda ba shi da suna, ba shi da takardar gwaji, garantinsa a baki ya tsaya.

Yana da alheri ga muhalli?

Ta wani ɓangaren. Trex yana cewa kashi 95 cikin 100 na falankinsa daga kayan da aka sake sarrafawa ne, wato tsofaffin ledoji da ragowar katako. Amma gauraye idan ya tsufa yana da wuyar sake sarrafawa, don an riga an cuɗa itace da roba. Alminiyom yana cin makamashi mai yawa wajen ƙera shi, sai dai ana narkar da shi a sake amfani da shi ba iyaka.

Ta yaya zan gwada kafin in saya?

Gani ya kori ji. Karɓi samfur uku ko huɗu, na nau'i da launi daban-daban, ka ajiye su a ainihin wurin da za a yi dandamalin. Da rana ta take ka taka kowanne ba takalmi. Zuba musu ruwa ka murza tafin ƙafa ka ji wanda ya fi riƙewa. Karce su da makulli. Ɗiga musu mai, ka bar shi ya kwana, ka goge da safe ka ga wanda ya bar tabo. Gaurayen kuma ka auna kaurin bakinsa da aka yanka, ka tsoma shi cikin bokitin ruwa na mako guda, sannan ka sake aunawa. Idan ya kumbura har ido ya gani, kada ka kai shi kusa da ƙasa mai laima.